Darasi na 14: Auna Burauza da Burauza Wajen Sauri da Sauƙin Aiki

Duk wanda ya ɗauki waya ko ya zauna gaban kwamfuta domin ya karanta labarin duniya, ko ya duba sakamakon jarrabawar ɗansa, ko ya cika takardar neman aiki, lalle ta wata manhaja yake bi kafin shafin ya bayyana a gabansa, ko ya san sunanta ko bai sani ba, kuma wannan manhaja ita ake kira burauza. Da yake burauzoji suna da yawa, kowace kuma masu ita suna cewa ta fi saura sauri, ya wajaba ga ɗalibi mai hankali ya san mizanin da zai auna su da shi, don kada ya zama yau an ce masa ya sauke wannan ya sauke, gobe an ce ya goge ta ya goge, alhali kuwa bai san dalilin ko ɗaya daga cikin umurnin biyu ba.

Bari mu fara da aikin da burauza take yi, domin wanda bai fahimci aiki ba ba ya iya hukunta ma'aikaci. Shafin intanet ba a ajiye yake a dunƙule kamar hoton da ke jikin bango ba. Yana zaune ne gunduwa-gunduwa a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda galibi takan kasance a wata ƙasa mai nisa: rubutu daban, hotuna daban, umurnin launi da tsari daban, sa'an nan da waɗansu umurnai na harshen JavaScript waɗanda su ke sa maɓalli ya amsa idan an taɓa shi. Idan ka rubuta adireshi, burauza ta aika a kawo mata waɗannan gutsattsari, ta harhaɗa su, ta shimfiɗa maka a fuskar waya. Misalinta misalin tela ne da aka aiko wa da yadi da zare da awo daga kasuwa: iyawarsa da saurin kekensa suna da tasiri, amma in ɗan aike ya makara a hanya, ko an lafto masa yadin da ya fi ƙarfin teburinsa, to, komai ƙwarewarsa sai riga ta yi jinkiri. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran darasin ya ginu.

Asalin abin ba shi da nisa. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya rubuta burauza ta farko a shekarar 1990, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba. Bayanta aka yi Mosaic a 1993 da Netscape a 1994 a Amurka, sa'an nan kamfanin Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995, wadda ta mallaki fagen shekaru masu yawa kafin ta ja baya, daga bisani aka yi mata ritaya a watan Yuni na 2022. Waɗanda ake yayi a yau kuwa su ne Safari ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 2003, da Firefox ta Mozilla a 2004, da Chrome ta Google a 2008, da Edge ta Microsoft a 2015, da kuma Opera, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Norwe tun tsakiyar shekarun 1990, ƙanwarta Opera Mini kuma ta yi suna ƙwarai a ƙasashenmu tun zamanin ƙananan wayoyi masu madannai. Chrome ita ce ta fi kowa jama'a, don kimanin kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya da ita suke shiga, ko da yake ya kamata a yi adalci a ce yawancinsu ba zaɓenta suka yi ba, a cikin wayar Android suka tarar da ita.

A nan akwai wata mas'ala da mutane da yawa ba su sani ba, wadda kuwa ita kaɗai ta isa ta kashe rabin gardamar da ake yi a majalisu. Kowace burauza tana da inji a cikinta, wato ɓangaren da yake karanta umurnin shafi ya zana shi, kuma duk yawan sunayen nan injuna uku ne kawai suka rage masu ƙarfi a duniya. Akwai Blink na Google, wanda aka tsago daga WebKit a 2013. Akwai WebKit ɗin kansa na Apple. Akwai Gecko na Mozilla. Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet duk a kan Blink suke tafiya, domin Opera ta bar nata injin ta koma can a 2013, Edge kuma ta bi sahu a farkon 2020. Safari tana kan WebKit, Firefox tana kan Gecko. A wayar iPhone kuwa, ban da ƴan wurare irin su Tarayyar Turai inda doka ta tilasta sassauci, ƙa'idar Apple ita ce kowace burauza ta yi aiki da WebKit, saboda haka mai iPhone a Kano ko Zinder da ya sauke Chrome yana tsammanin ya sauya inji, haƙiƙa fuska kawai ya sauya. Idan mutum biyu suna musu, wannan yana rantsuwa Edge ta fi Chrome gudu, wancan yana rantsuwa da akasin haka, galibi a kan inji ɗaya suke jayayya, bambancin da suka gani kuma daga wani wuri ya zo.

Masana suna da ma'auni na gwada saurin inji, mafi shahara a cikinsu shi ne Speedometer, wanda aka fitar da bugunsa na uku a watan Maris na 2024 da haɗin gwiwar Apple da Google da Microsoft da Mozilla. Abin da yake yi shi ne ya sa burauza ta yi ta maimaita ayyuka irin na yau da kullum, kamar rubuta jerin abubuwa da gyara rubutu da zana jadawali, sa'an nan ya ba ta maki. Ma'auni ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Sai dai sakamakonsa yana sauyawa daga bugu zuwa bugu, domin manyan burauzoji kusan kowane wata suke fitar da sabon bugu, wadda ta yi gaba a bana tana iya komawa baya baɗi. Sa'an nan, abin da ya fi wannan muhimmanci, saurin tela kaɗai yake aunawa, ba ruwansa da ɗan aike. A kan kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau, ratar da ke tsakanin manyan burauzoji ƙanƙanuwa ce, ta yadda idon mutum da wuya ya rabe ta.

To, daga ina jinkirin da muke fama da shi yake zuwa? Sababi na farko shi ne hanya. Saƙon da ya bar wayarka sai ya hau turken sabis, ya bi waya ta ƙarƙashin ƙasa har Legas, in shafin yana Turai kuma ya shiga igiyar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da ta fara aiki a 2010, mai tsawon kimanin kilomita 7,000 zuwa Fotugal, ko Equiano da ta iso Legas a 2022. Haske a cikin irin wannan igiya yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, saboda haka zuwa da dawowa ɗaya tak tsakanin Kano da Turai ba ya kasa kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, ko da babu cunkoso ko kaɗan, shafi ɗaya kuwa yana bukatar zuwa da dawowa da yawa kafin ya cika. Wanda ya tuna tsakiyar watan Maris na 2024, lokacin da igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, ya ga hujja da idonsa: a ranakun nan babu burauzar da ta tsira, babba da ƙarama duk jira suka yi.

Sababi na biyu shi ne ƙarfin wayar kanta, musamman ma'adanar aiki da ake kira ram. Kowane shafi da ka buɗe ka bari yana cin wani kaso nata, kuma burauzojin zamani suna ware wa shafuka ɗakuna dabam-dabam don kada mugun shafi ya leƙa sirrin na kirki, wanda hikima ce ta tsaro amma tana da tsada wajen ram. Wayar da take da gigabait 2 ba za ta ɗauki abin da mai gigabait 8 take ɗauka ba. Alamar ƙarancin ram sananniya ce: kana cikin cika fom, ka fita ka duba lambar da aka turo maka ta saƙon tes, ka dawo ka tarar shafin ya sake lodi daga farko, abin da ka rubuta duk ya tafi. Mutane sukan zagi burauza a nan, alhali wayar ce ta rufe ta don ta sami wurin buɗe saƙon. Maganinsa shi ne a rufe shafukan da aka gama da su da sauran manhajojin da ke buɗe kafin a fara aiki mai muhimmanci. A kwamfuta kuwa Edge da Chrome duka suna da tsarin da yake kwantar da shafin da aka daɗe ba a taɓa ba, ya saki ram ɗinsa har a koma kansa.

Sababi na uku shi ne nauyin shafi, kuma a nan ne kaɗai burauzoji suka bambanta bambanci na haƙiƙa wanda talaka zai ji a aljihunsa. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabait 2, kuma kaso mai yawa na wannan nauyi ba labarin da ka zo karantawa ba ne. Tallace-tallace ne, da bidiyon da yake kunna kansa, da ƴan leƙen asirin kamfanonin talla masu bin sawunka daga shafi zuwa shafi. Duk waɗannan da datarka ake sauke su, da batirinka ake kunna su. Burauzar da take tare su tun daga ƙofa za ta fi sauri ko da injinta ɗaya ne da na ƴar'uwarta. Brave, wadda ta fito a 2016, tana toshe talla da masu bin sawu ba tare da an umurce ta ba. Firefox tun 2019 take tare masu bin sawu, kuma a wayar Android tana karɓar ƙarin manhaja irin uBlock Origin mai toshe talla, abin da Chrome ta waya ba ta karɓa. Opera ma tana da nata matoshin a ciki. Ba abin mamaki ba ne Chrome ta yi sanyi a wannan fanni, tun da yake mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake. Amma a nan akwai haƙƙi da ya kamata a ambata: jaridar da kake karantawa kyauta da kuɗin tallan nan take biyan ma'aikatanta, saboda haka wanda yake da hali, ya kyautu ya ɗage matoshin a kan shafukan da yake amfana da su kullum.

Opera Mini ta cancanci a tsaya a kanta, domin dabararta dabam ce da ta kowa. Idan aka sa ta a matakin tsimin data mafi tsanani, ba ita take ɗauko gutsattsarin shafi ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne suke ɗaukowa, su harhaɗa, su rage girman hotuna, su matse, sa'an nan su aiko wa wayarka abin da aka riga aka gama, kuma kamfanin yana cewa tsimin yakan kai kashi 90 cikin 100. Ga mutumin da ke ƙauye inda sabis yake sanda ɗaya ko biyu, wanda bukatarsa ita ce ya karanta labarai a BBC Hausa ko Aminiya ko RFI, babu abin da ya kama ƙafarta, kuma mutane da yawa a Afirka ta wannan ƙofa suka fara shiga intanet. Chrome ta taɓa yin irin wannan tsari, amma ta janye shi a 2022.

Sai dai wannan fa'ida tana tafe da illa biyu, kuma jahiltarsu yana jawo hasara. Ta farko, shafin da aka matse a wata ƙasa ba ya amsa taɓawa yadda ya kamata. Ku ɗauki misalin uba da ya sayi lambar duba sakamakon WAEC ko NECO, ya zauna da ɗansa, ya rubuta lambar jarrabawa da lambar sirri a tsanake, ya zo wurin zaɓen shekara ya taɓa, jerin shekarun ya ƙi buɗewa. Ko kuwa ya danna maɓallin aikawa, shafin ya yi fari ya dawo babu komai, ya sake dannawa, ya kuma sakewa, alhali lambar da ya saya tana da iyakar sau nawa za a yi amfani da ita. Laifin ba na hukumar jarrabawa ba ne, ba kuma na sabis ba. Shafin yana bukatar JavaScript ya yi aiki a cikin wayar, matsewar kuwa ta hana. Illa ta biyu ta fi nauyi: tun da kwamfutocin kamfani ne suke buɗe shafin a madadinka, abin da ka rubuta yana ratsawa ta hannunsu, sirrin bai zama tsakaninka da mai shafin kaɗai ba. Ba muna tuhumar kowa da ha'inci ba ne, amma ƙa'ida ita ce amana ba a ƙara mata hannu sai da larura. Saboda haka harkar banki, da biyan kuɗin makaranta, da rajistar JAMB, da duk inda za a rubuta kalmar sirri, a yi su da cikakkiyar burauza irin Chrome ko Firefox ko Safari ko Edge.

Sauƙin aiki kuwa ya dogara ga halin mai aikin. Dattijon da idonsa ya fara rauni zai fi amfana da tsarin karatu da ke cikin Firefox da Safari da Edge, wanda yake share duk tarkacen shafi ya bar rubutu zalla da manyan baƙaƙe. Wanda Turancinsa ko Faransancinsa bai yi ƙarfi ba zai ga amfanin Chrome, domin tana juya shafi sukutum zuwa Hausa ta hanyar Google Translate, wanda ya karɓi Hausa tun ƙarshen 2013. Fassarar takan yi tuntuɓe, ta isa a gane maganar da ake yi, amma ba ta isa a dogara da ita a kan sha'anin magani ko shari'a ko addini ba. Mai aiki da waya da kwamfuta tare zai so burauza ɗaya a duka biyun, don adireshin da ya ajiye a nan ya same shi a can. Mai kayan Apple zai tarar Safari tana tausaya wa batir, sai dai ba a samunta a Android ko Windows. Akwai kuma burauzojin da suke zuwa a cikin waya tun daga kanti, waɗanda suke cika fuska da labaran da ba a tambaya ba, suna ta turo sanarwa dare da rana; duk saurin da irin waɗannan suke da shi, lokacin da suke ci wajen ɗauke hankali ya fi wanda suke tsiminsa, kuma kashe sanarwarsu a cikin saitin waya halal ne, ba ya lalata komai.

Abu biyu ne ake yawan ruɗuwa a kansu. Shafin ɓoye, wanda Chrome take kira Incognito, yana hana wayar ajiye tarihin inda ka shiga ne kawai, wanda yana da amfani ƙwarai ga mai aron waya ko mai aiki a kafe, amma ba ya ɓoye ka daga kamfanin sabis ko daga mai shafin. Sa'an nan idan ka taɓa adireshi a cikin Facebook, a wata ƴar burauza ta cikin manhajar yake buɗewa, ba a taka ba. In abin mai muhimmanci ne, ka taɓa ɗigo ukun da ke kusurwar sama ka zaɓi a buɗe shi a burauzarka ta ainihi.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya rinjayi sauri da sauƙi duka, shi ne sabuntawa. Ɓarayin intanet kullum suna neman ɓaraka a jikin burauza, masu ita kuma kullum suna toshewa, toshiyar kuwa ba ta isowa gare ka sai ka sabunta. Mutane da yawa suna kashe sabuntawa don tsimin data, suna kuma karɓar tsohuwar manhaja daga wayar aboki ta Xender, wadda ba su san ta hannun wa ta biyo ba. Wannan tsimi ne mai kai wa ga asara. A sauke burauza daga Play Store ko App Store, ko daga shafin kamfanin da ya yi ta, a kuma bar ta ta sabunta kanta ko da sau ɗaya ne a wata, lokacin da aka sami Wi-Fi ko datar dare mai rahusa.

Hukuncin da wannan darasi ya tsaya a kai shi ne mai ƙaramar waya ya riƙe burauza biyu, kada ya wuce haka: cikakkiya ɗaya wadda ake sabuntawa, domin kuɗi da fom da kalmar sirri, da mai tsimi ɗaya domin karatu inda sabis ya yi rauni. Game da cikakkiyar, wanda ya tarar da Chrome ko Safari a wayarsa kuma ba ta dame shi ba, babu larurar ya sauya. Wanda talla ta ishe shi kuwa, ina ba shi shawarar Firefox, saboda dalilin da ya gabata, da kuma wani dalili: ita kaɗai ce babbar burauza da take ƙarƙashin gidauniyar da ba ta neman riba, ita kaɗai kuma take riƙe da inji na uku, ko da yake ita ma mafi yawan kuɗinta daga Google yake zuwa, ladan sanya bincikensa a gaba. Ranar da injin nan ya mutu, kamfani biyu ne za su riƙa yanke wa duniya yadda shafi zai kasance, wannan kuwa ba alheri ba ne ga kowa.

Aikin da za ku yi kafin zama na gaba shi ne ku gwada da kanku, bisa sharuɗɗan adalci. Ku zaɓi burauza biyu a waya ɗaya, ku share ajiyar wucin gadi ta kowace a cikin saitinta, domin burauza takan adana hotunan shafin da ta taɓa buɗewa, in ba a share ba wadda kuka saba da ita za ta yi nasarar da ba tata ba. Ku zauna wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ku buɗe shafi ɗaya a kowace sau uku, wani yana riƙe da agogo yana ƙirga sakan daga taɓawa har rubutu ya fito a iya karantawa. Ku yi haka da safe, ku maimaita bayan sallar isha'i lokacin da jama'a suka yi yawa a kan sabis. Sa'an nan ku shiga saitin waya, wurin da ake nuna cin data, ku rubuta abin da kowace ta ci. Kowa ya zo da takardarsa, da sunan wayarsa da girman ram ɗinta da unguwar da ya yi gwajin, mu haɗa su a allo mu ga ko tazarar da ke tsakanin safe da dare ta fi wadda ke tsakanin burauza da burauza.